Kada Ka Shiga Jirgi da Fushina

Greensboro, ranar Laraba da hantsi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya kai ku Kanada lafiya, kai da abokan tuƙinka, ya tsare ku a hanya, ya tsare ku a kan ruwa. Mahaifiyarka ce za ta cusa ta cikin jakarka tsakanin rigunan wasanka, domin na san in na miƙa maka da hannuna cewa za ka yi, "Baba, me ya faru?" ni kuma in ce babu komai, kamar yadda na saba. Sau biyu ina shirya maganar nan a makon jiya. Na farko na same ka a kicin, na ƙare da tambayarka ko ka adana fasfo ɗinka. Na biyu a mota, sai na ɓige da yi maka wa'azi a kan man shafawa. Mutumin da ya shekara ashirin yana tsayawa gaban ɗalibai yana zuba, ga shi bakinsa ya yi nauyi a gaban ɗansa.

Jibi za ku tafi gasar tseren jiragen ruwa ta matasa, inda za ka haɗu da yara daga ƙasashe daban-daban, kuma in ka dawo kwana kaɗan za ka yi a gida ka wuce jami'a. Ranar Lahadi da mahaifiyarka ta ce za mu biyo ku da mota mu kalli tseren, ka ce, "Mama, ke ki zo. Baba kam ba sai ya wahalar da kansa ba, ai a mota zai zauna." Ba da tsawa ka faɗa ba, ko kallona ba ka yi ba, kana ta ɗaure igiyar takalminka. Ban yi fushi ba, domin ba ni da bakin yin fushi. Shekara huɗu kana wannan tuƙi, kuma a mota nake zama. Abin da nake tsoro shi ne ka bar gidan nan da wannan abu a zuciyarka, ba ka ma san daga ina ya taso ba.

To bari in fara da ƙaryar da ta fi tsufa. Na gaya maka kakanka, wanda ka ci sunansa, ɗan kasuwa ne. Ba ɗan kasuwa ba ne. Mai fito ne, wato yana ƙetarar da mutane kogi da kwale-kwale, a ƙauyenmu na bakin Kwara, can ƙasar Yawuri. Tun da asuba yake kwance jirginsa, ya ɗauki mata masu zuwa kasuwa da buhunansu na albasa, da awaki, da keke, wani lokacin har da gawa in za a kai ta wancan ƙetaren. Ubansa ma haka ya yi. Ni ma tun ina shekara bakwai nake zama a gaban jirgin ina kwashe ruwa da ƙwarya, kafin in kai sha biyu na iya ƙetare kogin ni kaɗai. Duk tambayar da ka taɓa yi mini a kan tuƙi na ce ban sani ba, na sani.

Ina shekarata ta biyu a jami'a a Sakkwato ya zo duba ni. Bai taɓa yin tafiya mai nisa haka ba. Ya sa rigarsa ta sallah, ya ɗauko mini busasshen kifi cikin kwando, ya yi ta tambaya har aka nuna masa ɗakinmu. Ya same ni a waje tare da abokaina, 'ya'yan ma'aikata, masu agogo da takalmi sau-ciki. Ƙarnin kifin ya riga shi isowa. Ɗaya daga cikinsu ya toshe hanci yana dariya ya ce, "Kai, wannan tsohon fa?" Na ce, "Mai fiton garinmu ne, an aiko shi da saƙo."

Ya ji, Abba. Yana tsaye bai fi taku uku ba. Ya sauke kwandon a hankali, ya dube ni, ya ce, "E, aiko ni aka yi. Malam, mutanen gida suna gaishe ka." Bai yarda ya kwana ba, ya ce akwai masu jiransa a bakin ruwa. Daga ranar har ya bar duniya bai taɓa tayar da maganar ba, kuma bai daina kirana Malam ba. Zuwana gida na ƙarshe kafin in taho ƙasar nan, shi ya ƙetarar da ni. Na miƙa hannu zan karɓi filafili in taya shi tuƙi, ya janye shi ya ce, "Zauna abinka, Malam, kada ka ɓata hannunka." Na zauna kamar fasinja. A raina ina cewa in na gama digiri na dawo zan durƙusa in nemi gafara. Muna ɗan gidanmu na haya a unguwar Glenwood, mahaifiyarka tana da cikinka, aka bugo waya aka ce ya rasu. Na sa maka sunansa, shi ya sa ba na iya kiran sunanka na yanka sai dai Abba, amma ban taɓa gaya maka ko wane ne shi ba.

Shawarata a nan gajera ce. Inda za ka je akwai yaran da kakanninsu ma sun yi wannan tuƙi a manyan makarantu, da riguna masu tambari. Za su tambaye ka daga ina kake, me iyayenka suke yi. Ka faɗi gaskiya tun tambayar farko, domin ita ce mai sauƙi, ta biyu ta fi ta wuya. In mahaifiyarka ta tsaya a bakin ruwa da atamfarta ta rangaɗa guɗa har mutane suka waiwayo, ka ɗaga mata hannu. Kuma in ka yi wa mutum laifi, kada ka ajiye ba da haƙuri sai ka gama wani abu. Ni na ajiye nawa, yau shekara goma sha takwas ina riƙe da shi babu wanda zan ba.

Da ka fara tuƙi kana shekara sha huɗu, abokinka na makaranta ya ja ka zuwa tafki, ka dawo gida kana ta murna kana ba mu labari da Turanci baki har kunne. Ka tuna abin da na ce? Na ce wasan banza ne, zai cinye maka lokacin karatu. Ba karatunka ne ya dame ni ba, sakamakonka bai taɓa sauka ba. Gani na yi na gudu daga bakin kogi na ƙetare teku, sai ga filafili ya biyo ni har cikin falona. Mahaifiyarka ta san komai, tun kafin aurenmu na gaya mata. Ta ce, "Dakta, ka gaya wa yaron nan, jininsa ne." Na sha kunu na ce kada ta kuskura. Ita ta riƙa kai ka tafki tana ɗauko ka, ranar da take aikin safe a asibiti kuwa ni nake kai ka, in rufe gilashin mota in buɗe takardun ɗalibai kamar ina dubawa. Ba dubawa nake ba. Ta madubin gefe nake kallonka.

Kuma tun da gaskiya nake faɗa yau, bari in ce maka da kakanka zai ga irin tuƙinku da sai ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ƙarti takwas a jirgi siriri kamar kara, duk sun juya wa inda za su baya, wata 'yar mitsitsiyar yarinya tana zaune a ƙarshe tana daka musu tsawa, kuma ko akuya ɗaya ba su ɗauko ba. Amma in ya gama dariyar zai tsaya ya kalli yadda filafilanku suke shiga ruwa lokaci guda, su fita lokaci guda, ya ce yaran nan sun san aiki. Kai kuma zai gane ka ko ba a nuna masa ba, domin yadda kake sunkuyar da kafaɗarka ta hagu kafin ka ja, haka yake yi. Ranar da na fara ganin haka ta madubi sai da na kifa kaina a kan sitiyari.

Sai ranar Juma'ar nan da na san ba ka manta ba. An idar da salla muna fitowa daga masallaci, Alhaji Isuhu mai shagon nama ya tare ni a gaban mutane ya ce, "Bon, Dakta, an ce yaronka piroge yake tuƙawa, kwale-kwale dai, har ya ci medayi, lambar yabo?" Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ɗauka ba'a yake yi. Na yi dariyar yaƙe na ce, "Haba Alhaji, ɗan motsa jiki ne kawai na yara, kwanan nan zai bari. Likita zai zama." Da na juya sai na gan ka a bayana, riƙe da takalmana ka ɗauko mini. Ka ajiye su a gabana, ka daidaita su, ba ka ce komai ba. Lambar da ka ci a makon, wadda ka rataya a jikin firji, washegari ban sake ganinta ba.

Kunya ta biyu ta zo daga baya. Ashe Alhaji Isuhu mutumin Gaya ne, a bakin kogin nan namu ya tashi, kuma so yake ya ji ranar da za ku yi tsere ya rufe shago ya zo ya gani. Matarsa ce ta gaya wa mahaifiyarka. Wato babu wanda ya raina ka a wurin sai ni. Abin da na yi wa ubana a ƙofar ɗakin jami'a, shi na yi wa ɗana a ƙofar masallaci, kuma ku biyun irin shiru ɗaya kuka yi mini.

Saboda haka ina gargaɗinka, kada ka riƙa jin raini a inda babu shi. Wanda yake ɓoye abu, kowace tambaya zagi yake jinta. Za ka zauna da baƙi a jami'a, wasu za su tambaye ka abinci, wasu salla, wasu sunanka, galibinsu sani kawai suke so su yi. Ka amsa da sakin fuska. Wanda ya zo da raini na gaske za ka gane shi, ba ya ɓuya.

Yanzu na zo kan wadda ta fi nauyi, wadda ko mahaifiyarka ba ta sani ba sai jiya. Ka tuna Asabar ɗin nan ta bara, ƙarshen sanyi, da jirginku ya cika da ruwa a tsakiyar tafki? Ni na kai ka ranar. Kuna ɗauke da jirgin a kafaɗa za ku saka shi a ruwa, na fito daga mota don in miƙe ƙafa, abin da ban saba yi ba. Sama tas take, rana ta fito. Amma da na dubi can ƙarshen tafkin sai na ga ruwan ya yi duhu, ya yamutse kamar saman kunu in ya fara hucewa. Iskar da take kaɗawa ta tsaya cik, wata mai sanyi ta taɓa ni a wuya daga wani ɓangaren daban, tsuntsayen da ke kan ruwa kuma duk sun tashi sun koma cikin itatuwa. Kakanka in ya ga haka ɗaure jirginsa yake yi, ko sarki ne yake jiran fito. Tun ina yaro ya koya mini, kuma jikina bai manta ba.

Kocinku tana tsaye kusa da ni tana duba wayarta, na ji tana gaya wa wata uwa cewa iska sai da rana za ta taso. Ba laifinta ba ne, abin da wayar ta nuna ke nan. Na buɗe baki zan ce ta dakata rabin awa. Sai na hango yadda za ta kasance. Za ta ce, "Ta yaya ka sani?" Iyayen nan masu riƙe da kofin kofi za su juyo su dube ni, ni kuma sai in ce a jirgin fito na tashi. Na ja bakina na yi shiru, na koma mota na rufe ƙofa. Na ce wa kaina ai tafki ba kogi ba ne, ai suna da na'ura, ai ni malamin kimiyya ne ba mai duba ba.

Sauran ka fi ni sani, domin kai ne a ciki. Iskar ta sauko gaba ɗaya, igiyar ruwa ta riƙa faɗawa cikin jirginku har ya nutse da ku zuwa ƙirji, jirgin inji ya yi sawu biyu kafin ya kwashe ku. Yarinyar nan mai ba ku umarni sai da aka kai ta asibiti saboda sanyin da ya shige ta. Na same ka a bakin ruwa an lulluɓe ka, leɓɓanka sun canza launi, haƙoranka suna haɗuwa, kuma kai ne kake lallashina. Ka ce, "It's okay, Baba, babu wanda ya ga zuwanta." Ni na gani, Abba. Na gani, na auna ranka da na yara takwas a gefe guda, girmana a gefe guda, na zaɓi girmana. Allah ne ya rufa asiri ba ni ba. Ban san sunan da zan kira wannan ba in ba rashin mutunci ba, kuma ina jin kunyar kaina ƙwarai.

In akwai abu ɗaya da za ka ɗauka daga takardar nan, to wannan ne. In ka ga abin da zai cuci mutane, ka faɗa, ko za a yi maka dariya, ko kai ne ƙarami a wurin, ko ba ka da hujjar da za ka nuna. A ruwa, a ɗakin kwana na jami'a, a motar da direbanta ya sha wani abu, ko'ina. In ka faɗa ya zama ba haka ba, an yi maka dariyar kwana biyu an manta. Ni ban faɗa ba, kuma har yau ba na iya wucewa ta hanyar tafkin nan ban tuna da ranar ba. Ka kuma riƙa kallon ruwa da idonka kafin ka shiga, ka dubi can nesa ba gabanka kawai ba. In Allah ya ba mu lokaci zan koya maka sauran, abin da ya kamata in yi tun shekara huɗu da suka wuce.

A aljihun gefe na jakarka akwai ƙaramin gwangwani na man kaɗanya. In hannunka ya yi bororo kada ka fasa shi da farce kamar yadda nake ganin kana yi. Ka jiƙa shi a ruwan ɗumi da gishiri, ka bari ya bushe, sannan ka shafa man. Haka kakanka yake yi. Na sha ganinka kana cin tuwo da cokali saboda tafin hannunka ya ɗaye, na san maganin, na yi gum. Sallarka kuma kada ka bari jadawalin tsere ya cinye ta, ka san hukuncin matafiyi, ka yi amfani da shi. Ka ci abinci sosai. In kun yi nasara ka je ka gai da waɗanda kuka kayar, in an kayar da ku kada ka nemi wanda za ka ɗora wa laifi a cikin jirginku, ku takwas kuka ja.

Akwai wani tsohon filafili a garejinmu, can sama, naɗe cikin tabarma. Ka taɓa ciro shi kana ɗan shekara goma ka tambaye ni, na ce kayan ado ne na saya a filin jirgi. Na kakanka ne, ƙanena ya aiko mini da shi bayan rasuwarsa. Jiya na sauko da shi na goge. Wurin riƙon ya lotsa daidai yatsunsa. Na jingina shi a ɗakinka, kusa da gado. Naka ne, in kana so.

Kakanka yana da wata ƙa'ida da duk ƙauyen suka san shi da ita. In mutum biyu suka zo bakin ruwa suna rigima, ba ya tura jirgi. Sai ya dafa filafilinsa ya ce, "Ku gama a nan tudu, ni ba na ɗaukar fushi a jirgina." Fasinjoji su yi ta mita rana tana yi, shi ko a jikinsa, sai an shirya sannan ya ce bismillah ya tura. Ina yaro na ɗauka rigima ce irin ta tsofaffi. Da na girma na gane mai fushi ba ya zama daidai a jirgi, kuma ba kowa ne yake shiga ruwa ya sami damar dawowa ya ba da haƙuri ba.

To ga ni a tudu, Abba. Na yi maka laifi, na yi wa wanda ka ci sunansa, kuma ba ni da uzuri. Ka yafe mini. Ba na cewa ka manta, ba na kuma cewa ka yi sauri don ni ubanka ne. Roƙona kawai kada ka shiga jirgin nan ranar tsere da fushina a ƙirjinka.

Mahaifiyarka za ta taso ranar Talata, tafiyar yini guda ce a mota. In ka ce in zo, ka aika mata saƙo ko da kalma ɗaya ce, ni zan tuƙa ta, Alhaji Isuhu ma ya ce a ajiye masa kujerar baya. In ka ce kada in zo, zan zauna a gida, kuma ba zan riƙe ka da komai ba. Amma in na zo, a bakin ruwa za ka gan ni, ba a mota ba. An ce kafin a tashi tseren ana kiran sunayenku ɗaya bayan ɗaya a lasifika. Ina so in kasance a tsaye ranar da za a kira sunan mahaifina a kan ruwa, kuma duk wanda ya tambaye ni zan gaya masa cewa wancan na kujera ta biyar ɗana ne, jikan mai fito ne, ni ma ɗan mai fito ne.

Allah ya tsare ka a tudu da ruwa, ya ba hannunka ƙarfi, ya haɗa ka da abokai na gari, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan kakanka, ya sa ya yafe mini. Ƙannenka suna gaishe ka. Ka gai da kocinku da sauran yaran.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
mai jiran amsarka.